Keke Mai Sirdi Biyu

Idan ka gangaro daga dutsen, birki yana ƙauri, yatsunka sun sandare, rumfar farko da za ka tarar a hannun dama ta Mai Faci ce. Kwano ne a kan turaku, sai benci, sai bahon ruwan da yake nutsa tub a ciki don ya gano inda iska ke fita, sai tsofaffin tayoyi rataye a ƙusa. Ubansa ne ya kafa rumfar tun hanyar ba ta ga kwalta ba. Ya gaji rumfa, ya gaji akwatin sifanu, surutun ne kawai bai gada ba, wannan nasa ne na kansa.

Hanyar kuwa ba ƙaramar hanya ba ce a wurin masu yawon duniya a kan keke. Daga nesa suke tasowa, wasu sun yi makonni a kan sirdi, jakunkuna rataye gaba da baya, fuska ta ƙone, wuya ya rame. Hanyar ta ratsa duwatsu, ta bi kwari, ta ɓulla can inda shi Mai Faci sunan wurin kawai ya sani. Hawanta mafi tsanani daga ƙofar rumfarsa yake farawa, shi ya sa kowa sai ya tsaya. Masu gangarowa su tsaya don birki ya cinye, masu hawa su tsaya su ƙara iska, su tambayi abin da ke gabansu.

Wannan tambaya ita ce abincinsa. Sai ya ajiye sifana, ya goge hannu a cinya, ya dubi dutsen irin kallon da mutum ke yi wa ƙaninsa.

"Hawan? Ai ba wani hawa ba ne. Kafin shayi ya huce kana sama. 'Yan lanƙwasa ne, sai wata 'yar gada, daga nan saura ƙiris."

Ba ƙarya yake shirgawa ba, haka baƙi suka sha gaya masa, shi kuma ya haddace ya ƙara gishiri. Abu ɗaya ne bai taɓa faɗa wa baƙo ba, don ba a taɓa tambayarsa ba: ƙafarsa ba ta taɓa taka saman dutsen nan ba. Iyakar tafiyarsa a keke ita ce ta gwaji. In ya gama gyara sai ya hau ya je turken lantarki, ya taka birki, ya kaɗa ƙararrawa, ya juyo. Shi da bakinsa yakan ce idan aka jera waɗannan tafiye-tafiye ya zaga duniya, sai dai tasa duniyar a turken lantarki ta ƙare.

Bango ɗaya ya raba shi da Tela. Tun suna samari suke maƙwabtaka, ɗaya na faci ɗaya na ɗinki, suna jifan juna da magana ta saman bango. Tsoho suke kiran juna tun ba su tsufa ba, har tsufan ya zo ya tarar da sunan yana jiransa. Tela siriri ne, mai ƙarancin magana, amma in ya yi ɗaya takan wuni tana yi maka zafi. Shi ne ya fara lura cewa su biyun duk masu keke ne, shi na ɗinki, abokinsa na hawa.

"Duba mu," in ji shi wata rana, ƙafarsa na kan feda. "A kan keke muka tsufa, ba wanda ya bar inuwar rumfarsa."

"Baɗi za mu hau," Mai Faci ya amsa ta saman bango. "Ni da kai, mu je mu ga bayan dutsen nan."

Haka aka yi ta yi. Duk shekara in baƙi suka fara yawa sai a tayar da maganar, a yi shawarar ranar tashi, a yi gardama kan wanda zai riga gajiya, sannan a mayar da ita baɗi. 'Ya'ya suka zo, suka girma, suka watse, baɗi tana nan inda take.

Sai idon Tela ya fara taɓuwa. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, ya riƙa miƙo ta ta saman bango, Mai Faci na zura masa da yatsunsa masu baƙin mai yana yi masa tsiya. Daga baya ya haɗa wa wani riga da hannu ɗaya baƙi ɗaya shuɗi. Ranar ba wanda ya yi dariya. 'Yar Tela ta zo ta kai shi asibitin birni, suka kwana biyu suka dawo. Da yamma Tela ya zagayo ya zauna a benci, abin da ba ya yi sai da dalili.

"Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa, kuma ba ta da faci," ya ce. "Abin da ya rage ma tafiya yake. In rana ta buɗe sosai ina ɗan gani, in ta yi sanyi shi ke nan."

Mai Faci ya ɗauki wani tub mai lafiya ya nutsa a ruwa.

"Tsoho, baɗin da muke ta faɗa, bana ce. Ina so in ga bayan dutsen nan kafin a kashe mini fitila."

Tun da Mai Faci yake bai taɓa jin tsoro irin na wannan yammacin ba, kuma ba tsoron dutse ba ne. Tsoronsa kada ya makara. Amma baki ya riga ya saba, sai ya ji kansa yana cewa ai wannan ba wani abu ba ne, kafin shayi ya huce suna sama.

Tela ba zai iya riƙe kan keke ba, don haka Mai Faci ya jawo tsofaffin kekuna biyu daga bayan rumfa, irin na da masu ƙarfen gaske, ya kai wa mai walda ya ce a haɗe su. Aka yanke gaban ɗaya, aka liƙa a bayan ɗayan, aka ƙara sarƙa. Abin da ya fito yana da sirdi biyu, feda huɗu, da nauyin da sai mutum biyu sun yi nishi kafin su ɗaga. Mai walda ya zagaya shi ya ce shi dai ya yi abin da aka sa shi, kada a ambaci sunansa. Aikin ya ci makonni, don Mai Faci ba ya sakin aiki sai ya gamsu, kuma wannan karon ya fi kowane lokaci tsantseni.

A gida mai ɗakinsa tana zuba masa abinci yana ba ta labari.

"Baƙin nan cewa suke hawa irin wannan ba ya yiwuwa sai da giya."

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Giya, Malam? Da furfurarka?"

"Giyar keke nake nufi, ke ma dai. Kuma ko ita ban sa ba. Ta ragwaye ce."

"To Allah ya sa ƙafarka ta ji wannan maganar," ta ce.

Ya ce ta ajiye musu abincin rana, kafin azahar sun dawo. Ta ba shi gorar ruwa biyu ya mayar da ɗaya, wai kaya ne. Sannan ya ɗauki akwatin sifanun ubansa, wanda ya fi gora goma nauyi, ya ɗaure a kariyar bayan keken, don mai gyara ba ya tafiya hannu rabbana.

Da hantsi suka tashi, shi a gaba Tela a baya. Da suka wuce turken lantarki Mai Faci ya ji wani abu ya taso masa a ƙirji, har ƙafarsa ta nemi birki da kanta. Ya kaɗa ƙararrawa ya wuce. Ba su yi nisa ba ya gane matsala ta farko. Tela zai taka feda da ƙarfi kamar ana binsa, sai kuma ya tsaya cik, nauyin duka ya dawo kan na gaba.

"Tsoho, me ya tsayar da kai?"

"Na kai ƙarshen ɗinki," in ji Tela. "Ƙafar ce ta saba, jira take in juya yadi."

"To wannan yadin dogo ne, kada ka juya."

Suka ci lanƙwasa ta farko da dariya, ta biyu da nishi. A ta uku dariya ta ɗauke. Cinyoyin Mai Faci suka ɗauki wuta, numfashinsa ya koma sama-sama, sirdin da ya sha yaba wa masu saye ya fara gaya masa gaskiyar kansa. Ya ce a tsaya, yana jin wata ƙara a sarƙa. Ya durƙusa ya taɓa nan ya taɓa can har zuciyarsa ta daina bugun haƙarƙari. Ba a jima ba ya sake jin ƙarar. Da ya ji ta karo na huɗu sai Tela ya ce, "Bar sarƙar nan ta huta, ta fi mu lafiya."

Daga nan suka sauka suka koma turawa, Mai Faci riƙe da kan keke, Tela dafe da sirdin baya yana bin sa. Gadar da ya shekara yana kwatanta wa mutane ba ta da alamar zuwa. Azahar ta yi, ruwa ya ƙare. Masu hawa suna wuce su a hankali, ƙafafunsu na juyawa da sauri a kan giyar ragwaye, suna ɗaga musu hannu. Mai Faci ya ja hularsa ya rufe goshi, don biyu daga cikinsu jiya ya ƙara musu iska.

Can sai ga wata mata mai furfura ta gangaro kamar iska, ta gan su ta ja birki. Ta dubi keken, ta dube su, ta ciro gora ta ba su suka sha. Mai Faci ya haɗiye girman kai tare da ruwan ya tambaye ta ko da sauran tafiya.

"Yanzu-yanzu na baro saman," ta ce da fara'a. "Saura ƙiris."

Ya ji daɗi har cikin ransa, ya ce wa Tela ka ji ko. Suka ci gaba da turawa. Lanƙwasa ta wuce, wata ta zo, wata ta bi ta. Inuwa ta fara tsawo. Sai da suka kai gadar, ya ɗaga kai ya hango hanyar tana ta naɗewa a jikin dutse har inda ido ya gaza, sannan abin ya faɗo masa. Ya jingine keke ya zauna daɓas a bakin kwalta.

Matar ba ƙarya ta yi ba. Yanzu-yanzu ta baro saman, amma gangarowa ta yi. Duk wanda ya taɓa gaya masa kafin shayi ya huce, gangarowa ya yi, ƙafarsa a ɗage, iska na kaɗa masa riga. Masu hawa kuwa hanya ce mai wucewa, in sun haye sun tafi ke nan, ba wanda ya taɓa dawowa ya ci kwalarsa. Shekara da shekaru yana karɓar labari daga masu sauka yana raba wa masu hawa, da murmushi, har da dafa kafaɗa. Ya tuna wani mai ƙiba da ya hana shi cika gora ta biyu. Ya tuna wasu mata da miji da ya ce su bari sai la'asar, don me za su yi sammako. Yanzu ya gane inda ciwon bayan da ke damunsa ya samo asali, addu'o'in bayin Allah ne daga kan wannan gada.

Ya gaya wa Tela. Tela ya saurara har ƙarshe.

"Ni na daɗe ina wannan lissafin ta bayan bango," ya ce.

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Wa ya isa ya samu wurin saka magana?"

Da wata rana ce da sun yi dariya har sun kwanta. Amma Mai Faci ya dubi rana ya ga ta karkata, haskenta ya fara yin ja, gabansa ya faɗi. In ta yi sanyi shi ke nan, haka Tela ya ce. Kuma ya sani sarai ba za su sake wannan tafiya ba, ƙafarsa ta riga ta ba shi amsa.

"Kana gani dai ko?"

"Ina gani. Mu je."

Mai Faci ya kwance akwatin sifanun ubansa, wanda bai taɓa kwana a waje ba, ya tura shi bayan wani dutse ya rufe da ciyawa, ko waiwaye bai yi ba. Suka ci gaba. Tela yana tuntuɓe yana cewa takalmi ne. Mai Faci yana turawa yana duban rana yana zagin kansa a zuci, shi da mai walda, da makonnin da ya ɓata yana goge ƙarfe, da duk wata baɗi da ya taɓa furtawa.

Akwai irin baƙin da in hawa ya fi ƙarfinsu sukan tare mota su ɗora keke. Mai Faci ya daɗe yana yi musu dariya, har suna ya sa musu, masu yawon keke a mota. To da ya ji gurnanin babbar mota daga ƙasa, bai yi shawara da kowa ba. Ya shiga tsakiyar hanya ya cire hula yana kaɗawa da hannu biyu. Motar kaji ce, keji a kan keji. Direban ya leƙo, ya ƙura masa ido, sai ya washe baki.

"Baba Mai Faci? Kai ne a nan? Ba kai ke cewa kafin shayi ya huce ba?"

"Na yau a fulas yake, ɗana. Taimaka ka kai mu sama kafin rana ta faɗi."

Haka babban masanin hanyar ya ƙarasa hawansa, a tsugune tsakanin kejin kaji, hannu ɗaya riƙe da keke, ɗaya riƙe da rigar Tela, gashin kaza na shiga masa hanci. Motar tana ja da ƙyar, shi kuma yana leƙen rana ta tsakanin katako yana roƙon ta ta dakata. Ko a motar ma tafiyar ta isa a dafa shayi a sha a wanke kofi.

A saman akwai fili inda motoci ke tsayawa. Ta hannun hagu an fasa dutse aka fitar da hanya, ya bar bango tsaye mai tsawo. Ta hannun dama ƙasa ta yanke, duniya ta buɗe. Kuma da sauran rana. Mai Faci ya ga haka ya ji kamar ya rungume direban. Ya sauko da Tela tukuna, ya koma suna kokawar sauke keken, ya yi godiya, mota ta tafi.

"Mun iso, tsoho," ya ce yana haki, yana neman inda zai jingine keken. "Mun riga rana. Buɗe ido ka more."

"Masha Allah," ya ji Tela na faɗa a bayansa. "Ashe haka duniya take da faɗi. Dubi nisa."

Mai Faci ya juyo da dariya a bakinsa. Tela na tsaye, ya miƙe ƙirji, ya goya hannu a baya, yana gyaɗa kai a hankali. Fuskarsa na kallon bangon dutsen da aka fasa, wanda in ya miƙa hannu ya ƙara taku kaɗan zai taɓa shi. Kwarin da rana da duk abin da suka zo dominsa suna bayansa.

Keken ya zame ya faɗi, Mai Faci bai ɗaga shi ba. Ya daɗe a tsaye. Baƙin ciki ya rufe shi, irin wanda bai ji ba tun ranar da ya binne ubansa. Ya matsa ya dafa kafaɗun abokinsa.

"Zo ta nan, an fi gani."

Tela ya bari aka juya shi. Iskar kwarin ta bugi fuskarsa, fara'arsa ta ɗauke.

"Bango nake kallo, ko?"

"Bango ne."

"Na so in yi dace," in ji Tela.

"Tun yaushe?"

"Tun keken yana wurin mai walda. Na tashi wata safiya na ji zakara na cara, ban ga taga ba."

"Shi ne ka bar ni na jawo ka har nan? Ka faɗi a hanya fa?"

"In na faɗa maka sai ka ce baɗi. Ni na riga na rasa, kai kuma da idonka biyu za ka mutu a gindin dutsen nan ba ka gani ba. Ɗayanmu dai ya gani." Ya lalubo hannun Mai Faci ya riƙe. "To gaya mini. Me ke nan?"

Mai Faci ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa rasa magana ba ya duba gabansa, bai ga komai ba sai ruwa, don idon ya cika. Tsofaffi biyu sun wuni suna hawa, ga su a saman dutse, ba mai gani a cikinsu.

"Ina jin ka, tsoho," Tela ya ce. "Rana na tafiya."

Mai Faci ya share ido da hannun riga, ya sake sharewa. Can ƙasa ga kogi siriri yana sheƙi, ga gonaki, ga wani gari da hayaƙi ke tashi daga cikinsa, ga wasu duwatsun a jere bayan wasu har suka koma shuɗi. Ya gyara murya, ya fara daga hagu, a hankali, don kada ya tsallake komai.